Allon 1920x1080 da ya maƙale a 1024x768: nazarin matsalar konsol a kan Gentoo

Kwamfutar tebur ce mai UEFI, wato famwaya ko manhajar cikin na'ura da ke tayar da ita a madadin tsohon BIOS, an kashe mata CSM, yanayin da ke kwaikwayon BIOS ɗin, gaba ɗaya. Katin hotonta Radeon RX 580 ne, allon kuma mai ɗigo 1920x1080, an haɗa su ta HDMI. Sai dai wayar ba kai tsaye take tafiya ba, tana bi ta wani ƙaramin akwatin KVM, irin wanda ke ba kwamfuta biyu damar yin tarayya a allo ɗaya da kibod ɗaya. A kanta akwai Gentoo, wani nau'in Linux, mai OpenRC, GRUB 2 ne ke tayar da ita, kanel ɗin kuma 6.1 ne da aka harhaɗa da hannu daga gentoo-sources, ba tare da initramfs ba, wato ƙaramin tarin fayilolin da kanel ke amfani da shi kafin a ɗaura faifai. Ba a kai ga saka X ko Wayland, masu nuna tagogi da hotuna, ba, don haka konsol, wato baƙin allon rubutu na tty1 zuwa tty6, shi ne duk abin da mai na'urar yake gani.

Ƙorafin shi ne haruffa sun fito manya-manya, an ja su ta gefe sun yi faɗi, bakinsu kuma dishi-dishi. Maɓallin bayani na jikin allon ya nuna siginar da ke shigo masa 1024x768 ce. Allo mai tsarin 16:9 ne yake karɓar hoton 4:3 yana miƙe shi don ya cika fuska, shi ya sa komai ya karkace.

Kafin a zauna a duba lamarin da kyau, an riga an gwada abu uku. An rubuta GRUB_GFXMODE=1920x1080 a /etc/default/grub, ba abin da ya canza. An ƙara vga=791 a layin umarnin kanel, nan ma shiru. An gwada fbset -xres 1920 -yres 1080, ya ƙi karɓa. Dukkansu shawarwari ne da ke yawo tun da daɗewa, kuma kowannensu yana da inda yake aiki. A wannan na'urar dai babu wanda ya dace.

Waye ke riƙe da allon?

Ma'aunin allo ba wuri ɗaya ake saita shi ba. Daga danna maɓallin kunnawa zuwa fitowar wurin shigar da suna, allon yana sauya hannu aƙalla sau uku. Famwayar UEFI ce ke fara kunna katin ta hanyar GOP, ɓangarenta mai kula da hoto, ta zaɓi ma'auni. GRUB ya karɓa, kuma ba ya iya zaɓar komai sai cikin jerin da GOP ya ba shi. Kanel ya tashi, ya gaji wannan ma'ajin hoton yadda ya same shi, ta efifb ko simpledrm. Waɗannan biyun ba su san katin ba sam, abin da suka sani kawai shi ne adireshin wani yanki na ƙwaƙwalwa, faɗinsa da tsayinsa, sai su riƙa zuba ɗigo a ciki. Ba su da ikon sauya ma'auni. Sai direban katin na gaskiya, amdgpu ko i915 ko nouveau, ya zo ya kore su, ya tambayi allon abin da yake iya ɗauka, ya saita da kansa. A saman duk wannan akwai fbcon, wanda aikinsa zana haruffa a kan duk ma'ajin hoton da ya tarar.

Saboda haka tambayar farko ita ce a hannun wa allon yake a yanzu. Umarni uku sun isa:

cat /proc/fb
cat /sys/class/graphics/fb0/virtual_size
dmesg | grep -i 'console: switching'

Na farko ya amsa da 0 EFI VGA. Na biyu ya ce 1024,768. Na uku ya fito da wannan layin:

Console: switching to colour frame buffer device 128x48

Wannan layin yana da amfani ƙwarai ga wanda ya iya karanta shi. Lambobin ba ɗigo ba ne, yawan haruffa ne a kwance da layuka a tsaye. Harafin kanel na asali ɗigo 8 ne a faɗi, 16 a tsayi. 128 sau 8 ya ba da 1024, 48 sau 16 ya ba da 768. Da allon yana kan ma'auninsa na gaskiya, da 240x67 za a gani, domin 1080 a raba 16 ya ba da 67 da rabi, rabin kuma ba ya zama layi.

EFI VGA sunan efifb ne. Ke nan direban katin bai taɓa karɓar allon ba. An tabbatar da lspci -nnk: katin ya bayyana da lambarsa 1002:67df da sunan Ellesmere, amma babu layin da ke faɗin direban da ke amfani da shi. Dalilin bai yi nisa ba. An fara saitin kanel ɗin ne daga make defconfig, wanda a kan x86_64 yake kunna i915 na Intel amma ba ya kunna amdgpu.

Daga nan gazawar gwaje-gwajen nan uku ta bayyana. Idan aka danna c a menu na GRUB aka rubuta videoinfo, ana ganin jerin da GOP ya bayar, a nan kuma 640x480, 800x600 da 1024x768 ne kawai a ciki. GRUB ba ya ƙirƙirar abin da ba a ba shi ba, sai ya koma kan wanda ya samu ba tare da ya ce uffan ba. Shi kuwa vga=791 lamba ce ta VESA daga zamanin BIOS, ba ta da ma'ana a na'urar da ta tashi ta UEFI, kuma ko da ta yi aiki, 791 ɗin ma 1024x768 take nufi. Fbset kuma yana roƙon direba ne ya sauya ma'auni, efifb ba shi da wannan ikon. Ko a ƙarƙashin direbobin DRM na yanzu, wato irin su amdgpu da i915, iyakar abin da fbset ke yi shi ne rage filin da konsol ke amfani da shi, ba ya taɓa siginar da ke fita zuwa allo.

An kunna amdgpu, allo ya mutu

An shiga make menuconfig, aka sa CONFIG_DRM_AMDGPU=y, wato a gina shi cikin jikin kanel. An harhaɗa, an sake kunnawa. Layuka kaɗan suka gifta, sai allon ya yi baƙi ƙirin, bai ƙara nuna komai ba.

Baƙin allo ba mutuwar kwamfuta ba ne, kuma ya kamata a bambance su kafin a kai hannu ga maɓallin wuta. A nan fitilar Caps Lock tana amsawa, faifai yana motsi, SSH kuma, hanyar shiga na'urar daga wata kwamfuta, ya shiga lafiya. Ta SSH ɗin aka karanta dmesg, wato saƙonnin kanel, aka ga labarin a jere:

Console: switching to colour dummy device 80x25
amdgpu 0000:01:00.0: Direct firmware load for amdgpu/polaris10_mc.bin failed with error -2
amdgpu 0000:01:00.0: amdgpu: Fatal error during GPU init

Layin farko yana cewa amdgpu ya kori efifb, konsol ya koma kan na'urar bogi wadda ba ta nuna komai. Haka aka tsara, domin direba biyu ba sa riƙe kati ɗaya. Layi na biyu yana cewa ya nemi famwayar katin bai samu ba, lambar -2 tana nufin babu fayil ɗin. Na uku ya ce ya haƙura. Matsalar ita ce efifb ba ya dawowa bayan an kore shi. An sallami mai gadin dare, na safe kuma bai iso ba.

Abin da ke rikita mutane a nan shi ne fayil ɗin yana nan. An riga an saka sys-kernel/linux-firmware, bayan an amince da lasisin linux-fw-redistributable a package.license, kuma ls /lib/firmware/amdgpu/polaris10_mc.bin yana nuna shi ɓaro-ɓaro. Amma batun lokaci ne. Direban da aka gina cikin kanel yana tashi ne tun kafin a ɗaura ɓangaren faifai da ke ɗauke da /, don haka a daidai lokacin da ya miƙa hannu, /lib/firmware bai wanzu ba tukuna. Kada sunan polaris10 ya ruɗi kowa, RX 580 da famwayar wannan gidan yake aiki.

Wanda ba shi da SSH yana da mafita daga GRUB: a danna e a kan layin kanel ɗin, a ƙara nomodeset a ƙarshen layin da ya fara da linux, a danna F10. Wannan yana hana amdgpu tashi, efifb ya ci gaba da riƙe allon, a samu damar gyara. Na wucin gadi ne kawai. Nomodeset da aka manta da shi a /etc/default/grub yana cikin manyan dalilan da ke sa konsol ya maƙale a ƙaramin ma'auni har abada, don haka duk mai wannan matsalar ya duba cat /proc/cmdline tun farko. Barin tsohon kanel mai aiki a menu na GRUB shi ma yana rage wahala sosai.

Hanya uku ce ta gyara. Ta farko a mai da direban modul, CONFIG_DRM_AMDGPU=m, yadda udev zai loda shi bayan an ɗaura faifai. Ta biyu a bar shi a jikin kanel, a cusa famwayar ita ma ciki ta CONFIG_EXTRA_FIRMWARE, tare da CONFIG_EXTRA_FIRMWARE_DIR="/lib/firmware". Ana samun jerin sunayen da za a liƙa ta shiga /lib/firmware a rubuta echo amdgpu/polaris10_*.bin. Ta uku a gina initramfs mai ɗauke da direban da famwayarsa.

Hanya ta biyu tana da farin jini wurin masu son kanel guda ɗaya tak babu modul, amma tana da tsada. Duk lokacin da aka sabunta linux-firmware sai an sake harhaɗa kanel kafin sabuwar ta shiga. Idan sabon kanel ya fara neman wani fayil da ba ya cikin jerin, baƙin allo ya dawo. Idan kuma an saka famwayar a matse da xz ko zstd, sunayen da ke jerin ba za su dace da abin da ke kan faifai ba, harhaɗawar ta tsaya. Ga na'ura irin wannan, wadda ba ta buƙatar komai daga katin a daƙiƙun farko, modul ya fi sauƙi kuma ya fi aminci. Idan ya gaza lodawa gaba ɗaya, efifb yana nan bai tafi ba.

Saitin da aka tsaya a kai:

CONFIG_VT=y
CONFIG_VT_CONSOLE=y
CONFIG_FB=y
CONFIG_FB_EFI=y
CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE=y
CONFIG_DRM_AMDGPU=m
CONFIG_DRM_FBDEV_EMULATION=y

Layin ƙarshen nan shi ne aka fi mantawa. Fbcon bai san DRM ba, ma'ajin hoto irin na da yake nema, kuma wannan zaɓin ne ke sa direban DRM ya ƙirƙiro masa shi. Idan babu shi, amdgpu zai tashi lafiya lau, ya kori efifb, dmesg ba zai nuna kuskure ko ɗaya ba, allon kuma ya yi baƙi. X zai yi aiki, amma Ctrl+Alt+F2 ba zai nuna komai ba. Baƙin allo mai kuskure a dmesg yawanci famwaya ce, baƙin allo marar kuskure kuwa a fara duba wannan layin.

Akwai wani tarkon kusa da shi. CONFIG_SYSFB_SIMPLEFB=y yana sa kanel ya miƙa ma'ajin hoton famwaya ga simplefb ko simpledrm maimakon efifb. Wanda ya kunna shi bai kunna ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba, ba zai ga komai ba har sai direban katin ya tashi, ko da kuwa FB_EFI yana kunne. A ɗauki hanya ɗaya: ko efifb shi kaɗai, ko SYSFB_SIMPLEFB tare da CONFIG_DRM_SIMPLEDRM, wanda ya shigo kanel a 5.14. A nan efifb aka bari. Batun VGA_CONSOLE kuwa, yanayin rubutu na 80x25 da tsofaffin na'urori ke komawa kansa babu shi a UEFI marar CSM, don haka ba ya ceton kowa.

Bayan make sai make modules_install sannan make install, sai grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg. A Gentoo sau da yawa /boot yana da noauto a fstab, wato ba ya ɗauruwa da kansa. Wanda bai ɗaura shi ba kafin make install, sabon kanel ɗinsa zai sauka a babban faifai, GRUB ya ci gaba da tayar da tsohon, shi kuma yana ta mamakin me ya sa gyaransa ba ya kamawa. Umarnin uname -v yana nuna lambar ginin da ranar da aka yi shi, a duba shi bayan kowane sake kunnawa. Idan an kunna CONFIG_IKCONFIG da CONFIG_IKCONFIG_PROC, zgrep FBDEV /proc/config.gz yana faɗin abin da ke cikin kanel ɗin da ke gudana, ba wanda ke cikin /usr/src/linux ba.

Alama ɗaya, ciwo daban

An sake kunnawa. Rubutu ya fito, allon ya ɗan ƙifta a tsakiyar tashi, ya dawo. Haruffan suna nan yadda suke, manya, a miƙe. Dmesg ya sake cewa 128x48.

A nan ne mutum ke iya ɗauka cewa direban bai loda ba, ya koma yana tona saitin kanel a banza. Amma /proc/fb yanzu yana cewa 0 amdgpudrmfb, lspci -k kuma ya nuna amdgpu ne ke riƙe da katin. Lambar dai ba ta canza ba, wanda ya zaɓe ta ne ya canza. Da can efifb ne ya gaji 1024x768, yanzu amdgpu ne ya zaɓe shi da kansa. Direba kuwa yana zaɓa ne daga abin da allon ya gaya masa ta EDID, wato ɗan bayanin da kowane allo ke ɗauke da shi: sunan kamfani, girman fuska, jerin ma'aunai, da wanda ya fi so. Tushensa bayit 128 ne, allunan HDMI kuma galibi suna ƙara wani 128 ɗin mai bayanin sauti da ma'aunan talabijin.

An duba abin da direban ya ji:

grep . /sys/class/drm/card0-*/status
cat /sys/class/drm/card0-HDMI-A-1/modes
wc -c < /sys/class/drm/card0-HDMI-A-1/edid

Umarnin farko yana kawar da wani zargi na daban. Idan mahaɗi biyu suka nuna connected, konsol yana ɗaukar girman ƙaramin cikinsu, sai rubutu ya taru a kusurwar hagu ta sama ta babban allon, sauran fili ya zauna baƙi. Wani lokaci mahaɗin na biyun ma na ƙarya ne, kamar LVDS ko SVIDEO da wasu allunan uwa (motherboard) ke nunawa alhali ba a jona komai ba, maganinsa kuma video=LVDS-1:d, harafin d ɗin yana kashe shi. A wannan na'urar HDMI-A-1 ne kaɗai a haɗe, kuma hoton ya cika fuska, don haka ba wannan ba ne.

Jerin ma'aunai ya tsaya a 1024x768, 800x600, 640x480. EDID ɗin bayit 128 ne kacal. Da aka ba edid-decode shi, sunan kamfanin da ya fito ba na allon ba ne. Akwatin KVM ɗin ne ke amsawa da bakinsa. Wasu daga cikin waɗannan akwatunan suna riƙe da EDID nasu na gama-gari, don kada kwamfutar da ba a kallo ta ɗauka an cire mata allo, kuma wannan bai taɓa miƙa na allon gaskiya ba. Hakan ya kuma bayyana gajeren jerin da videoinfo ya nuna tun farko, domin GOP ma shi ya tambaya.

An cire akwatin, aka jona allon kai tsaye. Akwai abu biyu da za a kiyaye a wannan gwajin. Jerin modes yana iya ƙin nuna manyan ma'aunai bayan sauya waya, sai an rubuta echo detect > /sys/class/drm/card0-HDMI-A-1/status don a sake tambaya daga farko. Na biyu, konsol ɗin kansa ba zai girma nan take ba, domin ana ware ma'ajin hotonsa ne sau ɗaya lokacin da direba ya tashi, ba a faɗaɗa shi daga baya. Sai an sake kunnawa. Da aka yi, EDID ya zama bayit 256, 1920x1080 ya hau saman jeri, dmesg ya ce 240x67.

Da a ce an lura da abin da faifan girkawa na USB ya nuna a kan allon, da an kama akwatin tun ranar farko, domin kanel ɗinsa yana da amdgpu da famwaya cikakke, amma ta cikin akwatin shi ma a 1024x768 zai tsaya. Ta SSH aka yi girkawar, ba wanda ya kalli allon. Faifan USB mai cikakken kanel shi ne gwaji mafi arha na raba laifin saiti da laifin kayan aiki.

Gyara ba tare da jefar da akwatin ba

Ana buƙatar akwatin, don haka dole a gaya wa kanel abin da akwatin ya ɓoye masa. An fara da hanya mafi gajarta, a GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT:

video=HDMI-A-1:1920x1080@60

A lura sunan mahaɗin ba ya ɗaukar card0 a gabansa. Wannan bai yi aiki ba, konsol ya tashi a 1024x768 kamar ba a rubuta komai ba. Dalilin yana cikin lissafin lokacin sigina. Idan ma'aunin da aka nema ba ya cikin EDID, kanel yana ƙirƙiro shi da tsarin GTF, wanda aka yi domin tsofaffin allunan CRT masu buƙatar hutu mai tsawo tsakanin layi da layi. A GTF, hoton 1920x1080 yana zaune ne cikin fili mai 2576 sau 1118, idan aka ninka da 60 ya kai kusan 172.8 MHz. EDID ɗin akwatin kuma ba shi da ɓangaren da ke cewa shi HDMI ne, sai direban ya ɗauke shi a matsayin DVI mai layi ɗaya, wanda iyakarsa 165 MHz. Ma'aunin ya haura iyaka, aka watsar da shi shiru. Mai son ganin irin wannan watsarwar ya ƙara drm.debug=0x04 da log_buf_len=4M, ya karanta dmesg ta less, tunda Shift+PgUp ya daina aiki a konsol tun kanel 5.9.

Haruffa biyu suka warware:

video=HDMI-A-1:1920x1080MR@60

M yana cewa a yi lissafi da CVT, R kuma a rage hutun da allon LCD ba ya buƙata. Sai an haɗa su biyun, R shi kaɗai ba ya sauya komai. Sakamakon 138.5 MHz ne, ƙasa da iyaka. Konsol ya tashi a 240x67 ta cikin akwatin, hoto garau.

Duk da haka ba a tsaya nan ba, kuma daidai ne da ba a tsaya ba. Wannan layin ya ƙara ma'auni ɗaya ne kawai, kanel yana nan da yaƙinin cewa ƙaramin allon DVI ne a gabansa. Ranar da aka saka X ko Wayland za su karanta EDID ɗin ƙaryar nan su ma, girman fuska zai fito ba daidai ba, sauti ta HDMI kuma ba zai samu ba, domin DVI ba ya ɗaukar sauti. Gyaran da ya kai tushe shi ne a kwafo EDID na gaskiya lokacin da allon ke jone kai tsaye, a ba kanel shi a matsayin fayil:

mkdir -p /lib/firmware/edid
cat /sys/class/drm/card0-HDMI-A-1/edid > /lib/firmware/edid/allo.bin

A tabbatar fayil ɗin bayit 256 ne kuma edid-decode ya nuna sunan allon gaskiya. A kunna CONFIG_DRM_LOAD_EDID_FIRMWARE=y, a cire layin video= ɗin, a sa wannan a gurbinsa:

drm.edid_firmware=HDMI-A-1:edid/allo.bin

Tsofaffin bayanai suna rubuta drm_kms_helper.edid_firmware, sunan da aka sauya tun kanel 4.15. Da wannan fayil ɗin direban ya zaɓi 1920x1080 na asalin HDMI, mai fili 2200 sau 1125 a 148.5 MHz, akwatin kuma ya wuce da shi ba tangarɗa. Da akwatin ba zai iya ɗaukar wannan saurin ba, da an ga hoto yana ɗaukewa yana dawowa ko ɗige-ɗige masu walƙiya, kuma babu saitin da ke gyara wannan sai a sauya akwati ko waya. Haɗarin fayil ɗin ɗaya ne: ba ya sanin an sauya allo. Ranar da aka jona wani a wannan mahaɗin, dole a cire layin ko a kwafo sabon EDID, in ba haka ba kanel zai aika masa siginar da ta dace da tsohon.

Girman haruffa

Da ma'aunin ya daidaita sai wani ƙorafin ya taso, wai rubutun ya yi ƙanƙanta. Harafi 240 a layi ɗaya ya yi yawa ga mai karanta saƙonnin emerge, umarnin saka manhajoji a Gentoo. Wasu a nan sukan koma su rage ma'aunin allo don haruffa su girma, abin da ke mai da su gidan jiya, domin allon LCD yana da ɗigo ƙayyadaddu, duk abin da bai dace da su ba sai ya miƙe shi ya dusashe. Haruffan ake sauyawa, a bar ma'auni.

An saka media-fonts/terminus-font, aka gwada setfont ter-v24n. Harafinsa 12 ne sau 24, wanda ya raba 1920x1080 cif-cif zuwa 160x45 ba ragowa, stty size kuma ya tabbatar da 45 160. Don ya zauna, an rubuta consolefont="ter-v24n" a /etc/conf.d/consolefont, aka yi rc-update add consolefont boot. A tsarin systemd wurin shi ne layin FONT= na /etc/vconsole.conf. Idan haruffan suka girma a farkon tashi sannan suka koma ƙanana bayan ƙiftawar allo, an saita su ne kafin amdgpu ya karɓa, sai a tabbatar modul ɗin yana lodawa kafin consolefont. Mai allon 4K da ke son manyan haruffa tun layin farko yana iya gina su cikin kanel da CONFIG_FONTS=y da CONFIG_FONT_TER16x32=y, ya ƙara fbcon=font:TER16x32, a rubuta sunan da manya da ƙananan haruffa yadda yake.

Menu na GRUB da daƙiƙun farko na tashi suna nan a 1024x768, kuma haka za su zauna muddin akwatin yana tsakani, domin GOP ba ya karanta fayil ɗin da aka ajiye wa kanel. An goge GRUB_GFXMODE da vga=791 tunda ba aikin da suke yi.

Abu biyu ne za su iya karya wannan saitin nan gaba. Idan wata rana aka koma simpledrm, shi zai ɗauki card0, amdgpu ya zama card1, duk umarnin da ke sama sai an gyara masa lamba, ko da yake layin drm.edid_firmware bai damu ba tunda sunan mahaɗi kawai yake ɗauke da shi. Idan kuma aka ƙara initramfs mai loda amdgpu da wuri, matsalar lokaci ta dawo a kan allo.bin: direban zai neme shi kafin a ɗaura faifai, kuma dracut, mai gina initramfs, ba ya ɗaukarsa da kansa kamar yadda yake ɗaukar famwayar katin. Sai an rubuta install_items+=" /lib/firmware/edid/allo.bin " a wani fayil cikin /etc/dracut.conf.d, a sake gina initramfs ɗin, a duba da lsinitrd cewa ya shiga.